Ga ƙanwar da duktura ta dawo wa da labarinta sau biyu

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Na ga an ba ki amsoshi masu kwantar da hankali, Allah ya saka musu, amma ban ga wanda ya taɓa ainihin abin da kika tambaya ba, shi ya sa zan ɗan tsawaita.

Kin ce kina shekarar farko a jami'a a nan Jidda, kin ɗauki darasin rubutun ƙirƙira da Larabci, kin rubuta gajeren labari a kan daren ƙarshe da wata yarinya da kakarta suka kwana a gidansu na unguwar Sabil kafin rusau. Duktura, wato malamar darasin, ta dawo miki da shi ba maki, ta rubuta cewa labarin bai fara ba sai a shafi na uku. Kin zauna kin gyara hamza da i'irabi, wato ƙa'idar rubutu da nahawu, kin canza wasu kalmomi, kin mayar, ta sake dawo da shi ta ce ba ki taɓa komai ba. Yanzu kina tunanin ajiye darasin, tunda an ce miki rubutu baiwa ce, in babu babu.

Kada ki ajiye. Na yi irin wannan darasi a shekarun baya, yanzu kuma ina koyar da Larabci, 'yan mata na kawo min rubutunsu ina dubawa, don haka na san inda takalmin yake matsa ki. Abin da kika yi da abin da duktura take nema ayyuka ne biyu daban. Ke kin wanke rubutun ne, ita kuwa so take ki sake kallon labarin daga tushe, wato wa ke ba da shi, daga ina ya fara, me yarinyar take so a wannan dare, wane ɓangare ne ba ya aikin komai. Rigar da kafaɗa ba ta zauna ba guga ba ta gyara ta, sai an farke ɗinkin an sake yankawa. Hamza da i'irabi su ne gugar, kuma lokacinsu na zuwa, a can ƙarshe.

Ban ga labarin ba, amma ina iya faɗa miki abin da ke cikin shafuka biyun farko, domin kusan dukkanmu da muka yi makaranta a ƙasar nan hanya ɗaya muka biyo. Darasin insha'i ya koya mana buɗe magana da doguwar shimfiɗa, a siffanta rana tana faɗuwa, a kawo baitin waƙa, a jero kalmomi uku masu ma'ana ɗaya don jimla ta yi daɗin kunne, sannan a rufe da nasiha. Da haka muke cin maki a sakandare. A gajeren labari kuwa duk wannan nauyi ne. Mai karatu ba ya bin ki bashin haƙuri. Ki je shafi na uku ki nemo jimlar farko da wani ya yi wani abu ko ya faɗi wani abu, wataƙila inda kaka ta ƙi yarda a ɗaure akwatinta, ki fara daga nan. Abin da mai karatu yake buƙatar sani daga shimfiɗar, kamar cewa rusau ne ya zo unguwar kuma an riga an yi wa bangon alama, zai shiga a jimla ɗaya daga baya, ko ma ta bakin wata maƙwabciya da ta leƙo aron igiya. Shafukan da kika cire kada ki goge su, ki adana su a wani fayil daban. Hakan na rage zafin yankewa, kuma wani lokaci jimla ɗaya daga ciki takan sami gurbi a wani labarin.

Batun baiwa kuwa, ki tambayi mai faɗa miki haka ko ya san Zuhairu bin Abi Sulma. Yana cikin masu Mu'allaƙat, shahararrun ƙasidun Larabawa na zamanin Jahiliyya, ba wanda ya isa ya ce ba shi da baiwa, amma manyan ƙasidunsa ana kiransu Hauliyyat saboda shekara guda yake ɗauka a kan ɗaya. Ana cewa wata huɗu yana tsarawa, wata huɗu yana tacewa, wata huɗu yana karanta wa masana kafin ya fitar wa jama'a. Masanin harshen Larabci Asma'i ya kira shi da mawaƙi Huɗai'a bayin waƙa saboda wannan wahala da suke sha. A kasuwar Ukaz kusa da Ɗa'if ma, tanti ake kafa wa babban mawaƙi Nabiga, mawaƙa su zo su rera a gabansa ya faɗi inda suka gaza. Wato sake rubutu da miƙa shi ga mai suka abu ne da ya girmi jami'a a wannan ƙasa da fiye da shekara dubu. Baiwa gaskiya ce, na ga masu ita. A ajinmu akwai wadda jimlolinta suke zuba kamar ba ta wahala, amma ta ƙi jinin a taɓa mata rubutu, labarinta na ƙarshen zango bai fi na farkon zango da komai ba. Wata kuma da ta fara da rubutu mai tauri, wadda Larabcin ma a jami'a ta ƙarasa koyonsa, ita ce duktura ta karanta mana labarinta a darasin ƙarshe.

Ga yadda nake sa ɗalibaina su yi, ki ɗauki abin da ya yi miki. Ki ajiye labarin kwana biyu ko uku ba tare da kin buɗe shi ba, idan wa'adin miƙawa ya ba ki dama. Sannan ki fitar da shi a takarda, don ido yana tsallake abubuwa a waya. Ki ɗauki biro, gefen kowane sakin layi ki rubuta da kalmomi kaɗan abin da ya faru a cikinsa. Za ki tarar da wuraren da abin da za ki iya rubutawa kawai shi ne "tana baƙin ciki", na gaba ma "tana baƙin ciki". Duk inda kika rubuta abu ɗaya sau biyu a jere, ɗaya zai tafi. Duk inda kika rasa abin rubutawa, wurin ado ne kawai.

Wannan batu na baƙin ciki shi ne inda zan fi daɗewa, domin labari irin naki a nan yake rayuwa ko ya mutu. Abin ya shafe ki, ko ya shafi danginki, shi ya sa kike jin kowace kalma ta cika da ma'ana. Mai karatu bai kwana a gidan ba. Idan kika rubuta cewa zuciyar kaka ta cika da ƙunci mara misaltuwa, ba ki ba shi komai ba, kin dai sanar da shi. Ki tambayi kanki me tsohuwar take yi da hannunta a daren. Tana iya share tsakar gidan da za a rushe gobe, jikar ta ce mata "Hajiya, wa kike share wa?" ta ƙi amsawa. Tana iya cire mabuɗin ƙofa ta ƙulle a bakin zaninta alhali ƙofar ma ba za ta kai jibi ba. Tana iya tada rigima a kan wata tsohuwar tasa da ta zo da ita daga Kano, wadda ba wanda ya ci abinci a ciki tun kafin a haifi yarinyar. Waɗannan nawa ne, misali kawai na ba ki. Naki suna nan a ƙwaƙwalwarki kuma sun fi nawa, saboda ke kika gani. Ki zauna ki rubuta duk abin da kika tuna na wannan gida, warin bango bayan an watsa ruwa, ƙarar tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki, mai sayar da dafaffen waken ful na bakin layi, sannan ki zaɓi biyu ko uku kawai. Sauran su tsaya a littafinki. Labarin da aka cusa masa komai shi ma yana shaƙewa.

Sai ki duba da idon wa muke gani. Idan da idon yarinyar ne, to ba ta da hanyar sanin abin da ke zuciyar kakarta ko na babanta, sai abin da ta gani da abin da ta ji. Masu farawa sukan yi tsalle daga kan wannan zuwa kan wancan cikin sakin layi ɗaya ba su lura ba, kuma malamai suna saurin kama wannan. Ki ma gwada rubuta shafi ɗaya da bakin kakar, ba don ki miƙa ba, don ki ji abin da za ta faɗa. Sau da yawa a irin wannan gwaji ne marubuci yake gano abin da labarin yake magana a kai, ya ga ashe ba gidan ba ne, tsoron tsohuwar ne kada a ce ta koma ƙasar da ta bari tana budurwa.

Akwai wata matsala da mu ta fi shafa, kuma littafin darasin ba zai ambace ta ba. Kakar nan Hausa take yi, yarinyar tana amsa mata da Larabcin Hijaz gauraye da Hausa, ke kuma an ce ki rubuta da fus'ha, wato daidaitaccen Larabci na littafi. Idan kika sa tsohuwa 'yar Sabil tana magana kamar mai karanta labarai a talabijin, an gama da ita. Larabawa ma sun daɗe suna jayayya a kan wannan. Najib Mahfuz, marubucin Masar wanda ya ci kyautar Nobel a 1988, da fus'ha yake rubuta hirar mutanen lungunan Alƙahira, amma mai sauƙi wadda ta bi numfashin maganarsu. Yusuf Idris kuwa, shi ma marubucin Masar, yakan bar manomansa su yi magana da harshen titi. Duka biyun hanya ce. Ki tambayi duktura wacce ta yarda da ita a darasinta, sannan ki riƙe ɗaya har ƙarshe. Ni abin da na fi so shi ne gajerun jimloli na fus'ha mai sauƙi a bakin kaka, da kalmar Hausa ɗaya ko biyu da aka bari yadda suke, irin sunan da take kiran jikar da shi, ba tare da an tsaya fassarawa ba. Mai karatu zai gane daga abin da ke kewaye. Ki karanta hirar da ƙarfi ke kaɗai a ɗaki. Inda harshenki ya sarƙe, ko kika ji ba wata tsohuwa da za ta faɗi haka, ki sa alama.

Kin ambaci cewa mako mai zuwa za a karanta labaran a gaban aji kuma gabanki na faɗuwa. Tsarin ya yaɗu ne daga Amurka, daga shirin koyon rubutu na jami'ar Iowa da aka kafa a 1936, kuma al'adarsa ita ce mai labarin ta yi shiru ana tattaunawa. Ko duktura ba ta sa wannan doka ba, ki sa wa kanki. Ki riƙe biro ki rubuta abin da ake faɗa, kada ki kare kanki, don ba za ki bi kowane mai karatu gida ki yi masa bayani ba. Idan mutum uku suka ce sun ruɗe a wuri ɗaya, lallai akwai matsala a wurin. Amma maganin da za su ba ki, irin su "ki kashe kakar a ƙarshe" ko "ki sa yarinyar ta yi kuka", ba dole ki karɓa ba. Sun fi ki ganin inda ciwon yake, kin fi su sanin labarin. Kuma idan aka zo kan na wata, ki faɗi abin da kika fahimta da inda kika ɓace, ki bar "ya yi kyau masha Allah" kawai, ba ya taimakon kowa. A duba rubutun wasu ne idon mutum yake buɗewa, saboda kuskuren da ba kya gani a naki za ki gan shi ƙarara a na ƙawarki.

Abu ɗaya da zan ja kunnenki a kai shi ne manhajojin nan irin ChatGPT. Za su goge miki jimloli su yi santsi, amma su ne za su fara cire abin da ya sa labarin ya zama naki, su mayar da kakar ta zama kowace kaka. Ban da haka, a irin wannan darasi malamai da yawa suna karɓar duk zubin labarin da kika yi, wato kowane sake rubutu tun daga na farko, suna ba da maki a kan tazarar da ke tsakaninsu. Ki riƙa adana kowane zubi da kwanan watansa.

Na ga kuma kin ce kina rubutu da Hausa a waya kina tura wa ƙawaye. Ki ci gaba, duk abin da kika koya a darasin nan yana aiki a can. Sai dai mu da muka tashi a nan ba mu koyi ƙa'idar rubutun Hausa a makaranta ba, mukan haɗa kalmomin da ake rabawa, mu bar ƙ da ɗ da ɓ. Idan kina da niyyar shiga gasa irin Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata, sai kin nemi wanda ya san ƙa'idar ya duba miki, a matakin ƙarshe shi ma.

Kafin ki sake miƙawa ki je wurin duktura a sa'o'in ofishinta. Kada ki ce mata "me zan gyara", za ta ba ki amsa mai faɗi. Ki je da sabon shafin farko a hannu ki ce kin fara daga inda ta nuna, ki tambaye ta ko yanzu an gane dalilin tashin nasu ba tare da shimfiɗar ba. Idan kin gama zubi na uku kina so na duba, ki turo min ta saƙon sirri tare da na farkon, amma ki bari sai bayan Asabar, muna cikin makon jarrabawa a makarantarmu.