Majigina yana yaga fim, hoton kuma sai tsalle

Tambaya: Malam, na gaji majigi ƙirar Bell & Howell mai cin fim na milimita 16 daga mahaifina. Da na kunna sai ya riƙa kaf-kaf-kaf, hoton yana tsalle a bango, har ya yaga min hujojin gefen fim. Mene ne matsalar? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Allah Ya jiƙan baba. Kafin komai, ɗan'uwa, kada ka sake ɗora fim mai daraja a kan na'urar nan. Nemi wani da ba za ka yi asara ba idan ya lalace, da shi za a yi gwaji.

Fim ba ya tafiya da gudu iri ɗaya a cikin majigi. Tayoyi masu haƙora na sama da na ƙasa suna jansa ba tsayawa, amma a bakin ƙofar haske wata 'yar ƙugiya ce ke shiga huji, ta fizgo hoto ɗaya, ta sake shi, sau 24 a daƙiƙa, kamar yadda haƙoran keken ɗinki ke tura yadi. Abin da ke sasanta tafiyar biyu shi ne sassaucin da ake bari, wato lanƙwasa ɗaya a saman ƙofar, ɗaya a ƙasanta. Idan ta ƙasa ta ɓace, ƙugiya da taya sai su shiga ja-in-ja, fim ne ke shan wuya. Ƙarar da kake ji ke nan. Kashe injin, ka sake zura fim ɗin bisa zanen da ke jikin majigin, sannan ka juya shi da hannu ka ga lanƙwasar ta zauna kafin ka ba shi wuta.

In ta ci gaba da ɓacewa, buɗe ƙofar ka duba. Za ka tarar da wani baƙin datti mai tauri ya manne a gefen hanyar, ƙurar hunturu ce ta haɗu da ɓarɓashin fim. Goge da auduga da sifirit, mai taurin kai kuma ka kankare da tsinken sakace. Ban da allura, ban da reza. Ƙarfe na barin zane, zanen kuma zai bi duk fim ɗin da ya ratsa wurin.

Shinshina gwangwanin fim ɗin ma. Idan yana warin tsami irin na ruwan kal, ya fara ruɓewa yana ƙanƙancewa, tazarar hujojinsa ta daina dacewa da haƙora. Irin wannan babu majigin da zai ja shi lafiya, sai dai a kai wa masu ɗaukarsa zuwa kwamfuta.

Sai cikin injin. Giris na shekara da shekaru yakan daskare, bel ɗin faifan baya ya saki, har fim ya riƙa zuba a ƙasa. Waɗannan masu sauƙi ne. Abin tsoro shi ne wata giya mai murɗaɗɗen haƙori da aka lulluɓe da roba a Bell & Howell na shekarun 1960 da 1970, wadda ta yi suna wajen tsagewa. In ka ga tsaga a jikinta, dakata. Sauya ta na buƙatar a sake daidaita ƙugiya da tayoyin, ba aikin mai gyaran rediyo na bakin hanya ba ne.

Duba farantin bayan majigin kuma. Na Amurka an yi su ne don wutar bolt 120, tamu kuwa 230 ce, dole sai da tiransifoma mai rage wuta. Ko da ita, wutarsu zagaye 60 take yi a daƙiƙa, tamu 50, shi ya sa wasu ke tafiya sanyi-sanyi a nan, muryar mutane ta yi kauri. Wannan ba lalacewa ba ce, kada wani ya karɓe maka kuɗi a kai.