Likita Ya Amsa: Bitamin da Maganin Ƙarin Jini ga Mai Sikila

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara bakwai yana da sikila, kullum tafin hannunsa fari fat. Mai kemis ya ce in saya masa maganin ƙarin jini na kwalba. In ba shi? (Wata uwa daga Zariya)

Amsa: Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya. Kada ki ba shi sai an gwada jininsa. Ƙarancin jinin sikila yawanci ba na rashin sinadarin ƙarfe ba ne. Jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya sukan yi kwana 120, na mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 suke yi su fashe, kuma jiki yana sake amfani da ƙarfen da ke cikinsu. In an taɓa yi masa ƙarin jini, kowace leda tana shigo da ƙarfe kusan miligiram 200, jiki kuma ba shi da hanyar zubar da rarar. Sai ta taru a hanta da zuciya tana ɓarna a ɓoye. Ki juya bayan kwalbar, in kika ga an rubuta ferrous ko iron, wato ƙarfe ke nan, ki mayar wa mai kemis. Gwajin feritin, mai auna ƙarfen da ke ajiye a jiki, shi ne zai nuna ko yaron yana buƙatar ƙarfe, don akwai masu sikilar da ke rasa shi, su kam ana ba su.

Tambaya: 'Yar ƙwayar nan rawaya, folik asid, dole ne kullum? Na gaji da ita. (Wani ɗalibi daga Katsina)

Amsa: Ɗana, ka daure. Ɓargonka yana ƙera jini ba dare ba rana don ya cike gurbin wanda ke fashewa, folik asid kuma kayan aikinsa ne. A asibitocinmu miligiram 5 ake rubutawa, ɗaya a rana. Ba ta hana ciwon ƙashi tashi, saboda haka ba ta maye gurbin hydroxyurea, maganin rage tashin ciwon sikila, ko maganin rigakafin maleriya. Ka haɗa da wake, zogale, alayyahu da gyaɗa. In ka fara jin tafin ƙafa na dindiris ko tsira-tsira, ka faɗa wa likitanka a duba bitamin B12, domin folik asid kan ɓoye ƙarancinsa.

Tambaya: Ina da sikila, ga juna biyu wata huɗu. A wajen awo ana ba kowa jar ƙwaya da Fansidar. (Wata baiwar Allah daga Maraɗi)

Amsa: Malama, Allah ya raba lafiya. Ki gaya musu kina da sikila tun kafin a miƙo miki magani. Jar ƙwayar ƙarfe ce, sai gwaji ya nuna kina buƙata. Folik asid mai miligiram 5 kuma yana rage ƙarfin Fansidar, don haka likitan mata ne zai zaɓa miki rigakafin maleriyar da ya dace. Kada ki daina shan ko ɗaya da kanki.

Tambaya: Bitamin D da zinki fa? (Wani uba daga Kumasi)

Amsa: Malam, masu sikila da yawa suna da ƙarancinsu. Zinki yana taimaka wa girman yara, bitamin D kuma yana ƙarfafa ƙashi. Amma bitamin D yana taruwa a jiki in ya yi yawa, har ya taɓa ƙoda, saboda haka a gwada tukuna, likita ya yanke adadi gwargwadon shekarun yaron.