Ga mai tambayar yawon kogi da hawan dutse: ku fara da Lokoja

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ku goma sha biyar ne, abokai tun na makaranta, kuna son fita ta 'yan kwanaki da za ta haɗa shiga jirgin ruwa da tattaki a daji, kuma rabinku ba su taɓa taka kwalekwale ba. Ni dai shawarata Lokoja, amma ruwa ne zai tsayar muku da rana, ba hutun wurin aiki ba.

Daga Agusta zuwa Oktoba kogin a cike yake taf, ga ƙarfi, ga kututturan da yake ɗaukowa a ɓoye. A 2012 da 2022 ambaliya ta shanye hanyar Abuja zuwa Lokoja wajen Koton Karfe, motoci suka yi kwanaki a tsaye. Ku bari sai Disamba zuwa Fabrairu. Lokacin ruwa ya ja baya, tsibiran rairayi sun fito, har matuƙi ya sauke ku a kan ɗaya ku miƙe ƙafa. Hazo kan rage kyan gani daga saman dutse, amma ya fi zafin Maris da Afrilu, don zafin Lokoja ba na wasa ba ne.

Maganar jirgi ita ce babba. Ku je bakin ruwa tun jajibiri ku ga jirgin da idonku, kada ku yi ciniki ta waya. Ka leƙa cikinsa. In ka ga yaro zaune da yankakken galan yana kwarfar ruwa ba hutawa alhali jirgin na ɗaure a gaɓa, ku gode wa mai shi ku ƙara gaba. Ku tambayi ko akwai filafili da gora saboda mutuwar inji, da jarkar mai ta ko-ta-kwana. Mutum goma sha biyar kuma jirgi biyu za ku ɗauka, ko da matuƙin ya rantse ɗaya zai kwashe ku. Zai kwashe ku ɗin, amma bakin jirgin zai kusa taɓa ruwa. Kowa da rigar kariya, a ɗaure ta tamau, ba a rataya ta a kafaɗa kamar gyale ba. Wanda ya ce ya iya iyo, a kududdufin unguwa ya koya, shi ma ya saka.

Abin da na fi gani yana tayar da hankalin matuƙa shi ne ɗaukar hoto. Da an iso mahaɗar Neja da Binuwai, inda launin ruwan biyu ya bambanta kafin su gauraye, sai wani ya ce "ku duba!", kowa ya karkata gefe ɗaya da waya a hannu. Ku yi yarjejeniya tun a tudu: ba mai miƙewa, ba mai sauya wurin zama sai matuƙi ya ce. Kuma ku dawo gaɓa kafin la'asar sakaliya. Hukumar NIWA mai kula da sufurin ruwa na cikin gida, wadda hedikwatarta ke Lokoja ɗin, ta hana tafiyar dare a ruwa, kuma hatsarin Patigi na Yunin 2023 da ya ci mutum fiye da 100 cikin dare ya faru, 'yan biki ne ke komawa gida. Allah Ya jiƙan su.

Dutsen Patti kuwa da asuba ake hawansa. Tsayinsa wajen mita 458 ne, akwai hanyar mota mai lanƙwasa har sama, don haka wanda gwiwa ta ƙi sai a ɗauko shi a babur. Ku sa mafi sanyin jikinku a gaba, mai ƙarfi a baya, kowa da ruwa lita biyu, da dabino da ƙuli-ƙuli a aljihu. Kambas za ku saka, silifas kan ci amana a gangara. A sama akwai tsohon gidan hutawar Gwamna Lugga, daga nan kuma za ka ga kogunan biyu shimfiɗe a ƙasa. Ku samu ɗan gari ya raka ku, ku tambaye shi halin tsaro kafin ku ratse daga hanya.

Tun da daga Kano kuke, kada ku bar garin ba ku shiga unguwar Kabawa ba, inda kaburburan sarakunan da Turawa suka tsare suke. A Lokoja Turawa suka tsare Sarkin Kano Alu har ya rasu a 1926, a can kuma suka tsare Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi. Ziyarar ba ta cin awa guda.

Patti dai ba ƙungurmin daji ba ne. In shi kuke nema sai Gashaka Gumti a Taraba, ta Serti ake shiga, can ne Chappal Waddi mai mita 2,419 yake, tafiyar kwanaki ce tare da ma'aikatan gandun. Wannan ba na sabon shiga ba ne, ku ajiye shi sai baɗi.

Ku naɗa mutum ɗaya amir, kuɗi su zauna a hannunsa, tsaba, kada ku dogara da tiransifa a bakin ruwa. Matuƙi a ba shi rabi kafin tashi, sauran sai ya dawo da ku gaɓa.