Ɗaliba mai ƙaramin guzuri, ta ina za ta fara kula da muhalli?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyu a wata jami'a a Kano, mu shida ne a ɗakinmu na hostal. An yi mana lakca kan sauyin yanayi da illar robobi, kuma abin ya tsaya mini a rai. Sai dai duk shawarar da nake gani a intanet ta masu hali ce: a sayi sola, a sayi gorar ruwa mai tsada, a canza kayan girki. Ni kuwa abin da ke shigo mini a wata shi ne naira 20,000 ta NELFUND, asusun gwamnati mai ba ɗalibai rancen karatu, sai ɗan abin da Baba ya turo in an samu. Don Allah akwai abin da irina za ta iya yi ba tare da ta taɓa kuɗin abincinta ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba da sa'ar karatu. Tambayarki ta yi mini daɗi, kuma zan fara da kwantar miki da hankali: kada ki sayi komai tukuna. Waɗancan shawarwari an rubuta su ne don mutumin da matsalarsa ita ce yawan saye. Ke taki daban ce. Abin da ke ɓata muhallin da kike zaune a ciki, kusan duk shi ne kuma yake tsiyayar da kuɗinki kaɗan-kaɗan, don haka in kin toshe ɗaya kin toshe ɗayan. Sunan abin a wajen iyayenmu tattali, kuma sun iya shi tun kafin a fara koyar da shi a aji.

Mu fara da ruwa, don a nan ne ɓarnar ta fi yawa. A zafin Kano na watan Afrilu, mutum ya sha ledar fiya wata shida a yini ba abin mamaki ba ne. Ki lissafa da kanki: shida sau 30, leda 180 ke nan a wata. Ku shida a ɗaki, kun tashi da 1,080. Ɗaki ɗaya fa, a bene ɗaya. Ledar nan ba ta ruɓewa kamar ɓawon ayaba. Rana ce ke farfasa ta zuwa ƙananan ɓarɓashi da ke shiga ƙasa da ruwa. Kafin ta kai ga haka kuwa, iska ta kwashe ta ta zuba a lambatu, damina ta zo ruwa ya rasa hanya, ya kwanta a bayan hostal, sauro ya samu gidan haihuwa. Zazzaɓin da ke kwantar da ɗaliba a makon jarrabawa sau da yawa daga wannan kwatar ya taso.

Na taɓa zuwa mayanka da ɗalibai, muka tsaya ana feɗe wata saniya ramammiya. Da mahaucin ya tsaga tumbinta, sai ya zaro wani dunƙule baƙi ƙirin, ya fi kan mutum girma, ledoji ne da igiyoyin buhu sun cuɗe sun yi tauri. Ya ce mana ba baƙon abu ba ne a wajensu. Dabbar tana kiwo a bola, cikinta ya cika da abin da ba ya narkewa, tana jin ƙoshi alhali yunwa ke cinta. Tun ranar ban ƙara ganin leda a ƙasa na ɗauke ta ƙaramin abu ba.

To, amma ki ji ni da kyau a nan. Ba na cewa ki bar ruwan leda ki koma shan duk ruwan da ya fito daga famfon hostal. Taifot da kwalara ba abin wasa ba ne, kuma kuɗin asibiti na kwana uku zai cinye duk abin da kika tara a zango guda. Sai kin tsaftace ruwan. Hanya mafi tabbas ita ce tafasawa: ya tafaso sosai, ki bar shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka. In gas ya yi tsada, akwai maganin kulorin na ruwan sha da ake sayarwa a kemis, irin su WaterGuard. Ki bi awon da ke jikin kwalbar, ki jira minti 30 kafin ki sha. Akwai kuma hanyar da ba ta cin ko sisi: ki cika gorar roba garai-garai da ake ganin cikinta, wadda ba ta wuce lita biyu ba, ki kwantar da ita a kan kwano ko siminti cikin rana tsawon awa shida. Hasken rana da zafinta suna kashe ƙwayoyin cuta. In akwai hadari ko hazon hunturu ya rufe rana, sai ta kwana biyu. Sharaɗin shi ne ruwan ya zama garai-garai. In da gurɓi, a tace da tsabtataccen ƙyalle, a bar shi ya kwanta. Kuma duk waɗannan hanyoyi ƙwayoyin cuta suke kashewa, ba sa cire guba, don haka ruwan da ke wari ko ya canza launi a bar shi ga wanki.

Za ki ce ai sanyin ne ke sa a sayi na leda. Gaskiya ne. Ku haɗa kuɗi ku shida ku sayi randa. Jikin randa yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa na tsattsafowa ta nan, iska ta busar da shi, busarwar ce ke janye zafin da ke ciki. Shi ya sa ta fi aiki a busasshiyar ƙasa irin tamu. A kan wannan hikimar ne Malam Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya gina tukunya cikin tukunya: ƙarama a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ya samu lambar yabo ta Rolex a kanta a shekarar 2000. Tumatir da tattasai da alayyahon da za su yi yaushi a kwana biyu suna ɗaukar kwanaki da yawa a ciki, in ana jiƙa yashin safe da yamma. Ga ɗalibar da ba ta da firji, wannan ya fi mata kowace sabuwar na'ura. Abin kiyayewa kawai, randar sha ta kasance da murfi, moɗarta mai dogon hannu, kada kowa ya tsoma kofinsa ko yatsunsa. Da safe kowa ta cika gorarta ta tafi lakca. Gorar ma ba sai sabuwa ba, wadda kike da ita ta isa, a dai riƙa wanke ta da sabulu, kuma kada a zuba mata ruwan zafi.

Sai girki, wanda shi ne rami na biyu. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, komai na wuta da sufuri ya hau, kin fi ni sanin yadda silinda ke ƙarewa. Akwai abu ɗaya da in kin gane shi zai canza miki girki: ruwa in ya tafasa ba ya ƙara zafi, yana tsayawa a kusan digiri 100 komai ƙarfin wutar. Wutar da kika bari tana ruri bayan tukunya ta tafaso, tururi kawai take yi, ba ta ƙara wa shinkafa saurin nuna. Da ya tafaso ki rage wuta, ki rufe tukunya da murfin da ya zauna daidai. Harshen wuta kada ya wuce gindin tukunya, kuma ya zama shuɗi. In ya koma ja ko yana baƙanta tukunya, kan rishon na neman sharewa.

Wake shi ne babban mai cin gas. Ki jiƙa shi tun dare, ki zubar da ruwan da safe, za ki ga lokacin dahuwarsa ya ragu sosai, kumburin ciki ma ya ragu. Daga nan akwai dabarar da nake so ki gwada ranar Asabar. Ki tafasa waken minti 15 zuwa 20, ki kashe wuta, ki sauke tukunyar a rufe, ki naɗe ta da tsohon zane, ki ƙara lulluɓe ta da bargo, ki ajiye cikin kwando ko kwali. Zafin da ya shiga ba shi da hanyar fita, sai ya ci gaba da dafa abincin. Bayan awa biyu zuwa uku ki buɗe. Shinkafa kuwa tafasar minti biyar ta ishe ta, ta yi kamar minti 40 a bargo, ba ƙonewa ba kamu. Kada dai abinci ya wuce awa huɗu a naɗe. In ya huce, a sake tafasa shi kafin a ci. Kuma in kuna shiri da 'yan ɗakinku, tukunyar garau-garau ɗaya ta mutum uku ta fi tukwane uku sauƙin gas nesa ba kusa ba.

Gawayi ba na ba ki shawararsa, ko da ya yi kamar ya fi araha. Kowane buhu itatuwa ne aka sare, a yankin da hamada ke matsowa har ta sa Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da shirin Babbar Ganuwar Bishiyoyi a 2007, wanda a Najeriya ya shafi jihohin arewa 11. Ban da haka, gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana sa barci, kuma tana kisa. Lokacin sanyi ne aka fi yin wannan kuskuren. Kurfoti ba ya kwana a ɗaki, ko da ya yi kamar ya mutu.

In za ki sayi abinci a waje, ki tafi da kularki ko 'yar samira. Zuba ɗanwake ko kunu mai zafi a leda ko a farar robar nan mai kama da soso ba alheri ba ne ga jiki, kuma ita ce ke cika bola. Jihar Legas ta haramta wannan farar robar tun Janairun 2024. Mai awara ba za ta ƙi zuba miki a mazubinki ba, ledarta ma kika rage mata. Haka cefane: jakar yadi ɗaya daga ragowar atamfa, tela zai ɗinka miki ita a minti goma. Ƙasar Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi baya a 2017, kuma mutanensu na cefane lafiya lau.

Wutar lantarki a hostal ba ke kike biya kai tsaye ba, shi ya sa ake sakaci da ita. Ki kashe fitila da fanka in za ku fita. In ke ce mai sayen ƙwan fitila, na LED mai wat 9 yana ba da hasken da tsohon ƙwai mai wat 60 ke bayarwa. Manya masu zuƙar wuta su ne hita da dutsen guga, kowanne yakan kai wat 1,000. Ki tara gugarki ki yi sau ɗaya a mako, kuma kada ki bar hita a bokiti ki fita, gobarar hostal da yawa daga nan take farawa. Handawut kuwa, wanda za ki iya karantawa a waya ki karanta, wanda dole sai takarda a buga gaba da baya, ki kuma karɓi na 'yan ajin gaba ki miƙa naki ga na baya. Tafiyar da ba ta wuce minti 15 ba, ki taka da sassafe ko da yamma tare da ƙawaye, ki bar adaidaita sahu ga tsakar rana da dare.

Ruwan alwala da na wanki ma akwai magana. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu ɗaya, abin da bai kai lita ba. Buta ɗaya ta wadatar, ba sai an saki famfo yana kwarara ba. Ruwan ɗaurayar kaya na ƙarshe ki tara shi a bokiti don goge ɗaki ko kora banɗaki.

Game da sutura, kada ki ji kunyar gwanjo. An ƙiyasta cewa rigar auduga ɗaya tana cin ruwa kusan lita 2,700 daga gona zuwa shago. Duk rigar sanyi ko jakar da kika zaɓo a Ƙofar Wambai, kin ƙara mata rai ne, kuma sau da yawa ta fi sabuwa mai araha ƙarko. Takalmin da ya tsinke a kai wa shumeka. Wayarki ma haka: zafi ne babban makashin batir, kada ki yi caji a ƙarƙashin filo ko ki bar ta a rana, kuma kada ki riƙa bari sai ta mutu murus kafin ki jona.

Sharar da ta rage, don Allah kada ku ƙona ta. Na san al'ada ce a tara a cinna wuta da magariba, amma hayaƙin roba guba ne, mai asma a ɗakinku ita za ta fara gaya miki. Ku rataye buhu biyu a bayan ƙofa, ɗaya na gorunan roba da gwangwanin lemo, ɗaya na busassun ledojin ruwa. 'Yan jari-bola suna sayen goruna da gwangwani, kuma akwai masu sayen ledar fiya wata a kilo suna narkawa. Kuɗin ba yawa, amma zai sayi omo da tsintsiyar ɗaki. Batirin tsohuwar fitilar caji kuwa, yawancinsu akwai dalma a ciki, ƙarfen nan da ya hallaka yara sama da 400 a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010. Kada a fasa shi, kada a jefa a wuta ko a bola inda yara ke tsince-tsince. A kai wa masu sayen tsofaffin batura.

Da ni ce ke, wannan makon abu biyu kawai zan yi: in kira 'yan ɗaki mu yi karo-karon randa, in kuma jiƙa wake daren Juma'a. Ki rubuta ranar da kika cika silindarki a jikin bango ko a waya, ki kwatanta da kwanakin da ta saba yi miki. In kin gwada, ki sake rubuto mini yadda waken bargon ya kasance, da kwana nawa gas ɗin ya kai.