Adashi ya fito: shago a Taminus ko ƙarin fata?

Wani baduku daga Naraguta, kusa da Jos, ya rubuto cewa ya kwashi adashin naira 900,000. Tumtum yake ɗinkawa, da alabe da jakunkuna da takalma. Ya ce baƙin da kan biyo su har gida sun ragu, kayan roba na China sun cika gari, don haka yana tunanin kama shago a wajen kasuwar Taminus da ke cikin Jos. Yana tambaya ko ya kama.

Malam, Allah ya sanya alheri, amma ka dakata da maganar shagon nan. Tun da babbar kasuwar Taminus ta ƙone a 2002 'yan kasuwa ke rububin wuri a kewayenta. Mai shago zai nemi hayar shekara a dunƙule, dillali ya ci la'adarsa, ka sa kanta da fitila, sai ka tarar kuɗin sun tafi ba ka sayi kirgi ko ɗaya ba. Kuma mai ratsa Taminus araha yake nema. Zai ɗaga alabenka ya jujjuya, ya taya shi kuɗin na roba.

Masu sayen irin kayanka ba a bakin titi suke ba. Otal-otal ne a Abuja da ke son tumtum a falo, da masu shirya taro da ke raba wa mahalarta jaka, da masu haɗa wa amare kayan ɗaki. Waɗannan hoto suke fara gani a WhatsApp, sannan su nemi samfur.

Kafin ka ɗauki hoton, ka gyara aikin. Na taɓa sayen jan alabe mai kyan gaske, na sa a aljihun farar riga na tafi ɗaurin aure da rana. Kafin a shafa fatiha zufa ta narkar da rinin, ƙirjina ya yi ja kamar an yanka kaza a kai. Ban sake komawa wurin mutumin ba. To ka sa kuɗi wajen majemin da fatarsa ta sha bagaruwa ta jemu, ba ta wari, rininta ba ya zuba. Ka sayi zif mai ƙwari, ka yi wa jaka shafi daga ciki.

Sai zane. Ka ware wuni guda ka je gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952. Ka tsaya gaban kawunan mutum-mutumin yumɓu na Nok da masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928, ka dubi yadda aka yanka idanunsu da kitsonsu. Ka zagaya ɓangaren gine-ginen gargajiya ka ga bakan gizon masallacin Zariya da aka kwaikwaya a wurin. Ladi Kwali, maginiyar tukwanen da hotonta ke bayan takardar naira 20, ƙadangare da kunama da kifin tukwanen Gwari ta ɗora a kan kayan zamani a tsohuwar Abuja, wato Suleja, har aka san ta a Ingila. Dagi kowane baduku na yi daga Kano zuwa Sakkwato. Wanda ya ga jakarka ya kamata ya gane daga Jos ta fito.

Kuɗin kuwa, ni da zan raba su, kusan rabi zan ba fata da kayan aiki. Ka yi wa sunan sana'ar rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka buɗe mata asusun banki, domin ofisoshi da yawa ba sa tura kuɗi asusun mutum. Sauran ka ajiye don kuɗin mota da samfur. Wajen yanka farashi ka lissafa kwanakin da ka yi kana ɗinki, dukawa sun saba mantawa da ladan hannunsu. Duk wanda ya ce a ɗinka masa jaka hamsin, ya ba da rabin kuɗi kafin alƙalami tukuna ka sa wuƙa a fata, ko da Alhajin unguwarku ne.