Tambayi Likita: Shan Cakulan Mai Zafi da Garin Koko a Gida

Tambayoyi sun taru a kan abu ɗaya, wato cakulan mai zafi da ake haɗawa a gida da garin koko (cocoa, ba kokon gero ba). Na zaɓi biyar daga ciki.

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ina ganin garin koko zalla, ina kuma ganin na gwangwani wanda ruwan zafi kawai ake zuba masa. Wanne ya fi lafiya, kuma yaya ake haɗa zallan? Ni duk lokacin da na gwada sai ya yi mini gudaji.

Malama, ki fara da juya gwangwanin ki karanta jerin kayan haɗin da ke bayansa. Ƙa'ida ita ce a fara rubuta abin da ya fi yawa. A yawancin waɗannan haɗe-haɗen, sukari ne a sahun farko, koko kuwa sai can baya. Shi ya sa na fi son mutum ya sayi zalla ya haɗa da hannunsa, domin shi zai auna abin da zai shiga cikinsa.

Kusan rabin ƙwayar koko mai ne. A shekarar 1828 wani ɗan ƙasar Holan mai suna Van Houten ya fito da injin matse wannan mai, abin da ya rage aka niƙa ya zama garin da muke saya yau. Idan aka narka sandar cakulan a madara, an sha man gaba ɗaya har da sukarin da ke ciki, shi ya sa ya fi kauri da nauyi. Garin ya fi sauƙi a jiki.

Ragowar man da ke cikin garin ne ke hana shi jiƙa da wuri, daga nan gudajin ke zuwa. Ki zuba babban cokali ɗaya na garin a tukunya, da sukari cokalin shayi ɗaya, ki ɗiga ruwan ɗumi kaɗan ki dama har ya yi laushi sumul. Sai ki riƙa zuba madara kofi ɗaya sannu a hankali kina juyawa, a kan wuta kaɗan. Ɗan gishiri a bakin yatsa yana kashe ɗaci, kirfa ma tana taimakawa. Idan madarar ɗanya ce daga nonon dabba, a tafasa ta tukuna, saboda tarin fuka da wasu cututtukan suna bi ta nan.

Tambaya: Yarana uku ba sa karyawa sai da shi, cokali uku na sukari nake sa wa kowa. Ƙaramar tana da wata goma sha takwas. Akwai matsala?

Akwai, uwar yara, kuma wannan ce tambayar da ta fi tsaya mini a rai. Cokalin shayi ɗaya na sukari giram 4 ne. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin ɗari na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a yini, wanda ga baligi ya kama kimanin cokali 12, ta kuma ce a rage zuwa cokali 6 ya fi. Na yaro bai kai haka ba. Idan na gwangwani kike amfani da shi, kika kuma ƙara cokali uku a kai, yaro ya kusa cinye rabonsa na yini tun bai fita daga gida ba. Na sha ganin yara ƙanana da haƙoran gaba duk sun rube, idan aka bi diddigi sai a tarar da abin sha mai zaƙi ne safe da dare.

Kada ki yanke musu lokaci ɗaya, za su ƙi sha. Ki rage rabin cokali duk mako, harshe yana sabawa ba tare da sun lura ba.

Ita kuwa ƙaramar, ki ba ta madara zalla. Yaron da bai cika shekara biyu ba bai kamata a sa masa sukari a abinci ba, kuma a wannan shekarun ne harshe ke koyon abin da zai so har girma. Ina roƙonki kuma ki kula da zafin kofi. Fatar yaro ba ta da kauri, abin da babba zai kurɓa lafiya yana iya saɓule ta. Idan tsautsayi ya faru, a sa wurin ƙarƙashin ruwan sanyi mai gudana na minti 20, kada a shafa komai, sannan a tafi asibiti.

Tambaya: Shekaruna 58, ina da hawan jini da ciwon suga. An ce mini koko yana saukar da hawan jini. Zan iya ajiye magani in koma shan sa?

A'a, Baba, kada ka ajiye maganinka. Maganar da ka ji tana da tushe: akwai wasu sinadarai a koko da ake kira filabanol, suna taimaka wa jijiyoyin jini su saki jiki. Amma da aka tattara gwaje-gwajen da aka yi, saukar da aka gani bai wuce maki 2 a ma'aunin hawan jini ba. Wanda jininsa ke kai 160, wannan ba zai fitar da shi daga haɗarin shanyewar ɓarin jiki ba. An kuma yi wani babban bincike a Amurka mai suna COSMOS, a kan mutum fiye da 21,000, aka fitar da sakamakonsa a 2022: waɗanda aka ba ƙwayar sinadarin ba su nuna raguwa tabbatacciya a jimillar cututtukan zuciya ba. Ga shi kuma garin da aka sarrafa don ya yi duhu ya rage ɗaci ya riga ya rasa yawancin filabanol ɗinsa.

Za ka iya sha don marmari, ba sukari, ba zuma, domin a wurin mai ciwon suga zuma ma sukari ce. Ka tuna kofin madara kansa yana ɗauke da kimanin giram 12 na nasa sukarin. Ka auna sukarin jininka awa biyu bayan ka sha, na'urar za ta gaya maka yadda jikinka ya karɓe shi.

Tambaya: Ina da cikin wata biyar, ina shan kofi ɗaya kullum. Zai cutar da abin da ke cikina?

Allah ya raba lafiya, 'yar'uwa. Babban cokali na garin koko yana da kimanin miligiram 12 na kafeyin (sinadarin da ke hana barci a gahawa), alhali iyakar da ake ba mai juna biyu miligiram 200 ce a yini, idan an haɗa da shayi da gahawa. Kin ga kina nesa da iyakar. Abin da zan ja hankalinki a kai shi ne maganin ƙarin jini da ake ba ku a awo. Koko da madara duk suna hana hanji tsotse sinadarin ƙarfe, don haka ki bar tazarar awa biyu tsakaninsu.

Tambaya: Ina shan sa kafin kwanciya don in samu barci, sai in tashi da ƙwannafi, wani lokaci da kumburin ciki.

Ɗan'uwa, koko yana sassauta ƙofar da ke tsakanin bututun abinci da tumbi, idan ka kwanta sai ruwan tsamin ciki ya taso. Ka mayar da shi na safe, ko ka bar awa uku kafin kwanciya. Kumburin kuwa galibi daga madara ne, manya da yawa ba sa iya narkar da sukarinta. Ka gwada haɗawa da ruwa ko madarar waken soya na mako biyu ka gani. Idan ƙwannafin ya ci gaba duk da haka, ko haɗiya ta fara yi maka wuya, ko kana ramewa ba dalili, ka je a duba ka da wuri.