Aljihu biyu a riga ɗaya

"Oga, wani ya zo yana son had-disk na kwamfutar gida, da inda zai riƙa ajiye hotuna da takardunsa kada su ɓace. Wanne zan ce ya saya?"

Shekara biyu kana shagon nan, yaro, sai yau ka yi tambayar da ta kamata ka yi tun satin farko. Ajiye wayar nan tukuna, ba na magana da ƙeya.

A 2016 wani Alhaji mai sayar da atamfa ya kawo min kwamfutarsa ta tebur, ta cika maƙil. Na sa masa disk mai tera ɗaya, wato giga dubu, a kwalinsa, da ledarsa, wai sabo fil. Laifina guda ne, kuma har yau yana ci min rai: ban gwada shi ba. Minti biyu na CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar disk, ya isa ya nuna min awannin da ya yi yana juyawa. Bayan disk ɗin ya mutu na duba sauran biyun da na saro tare da shi, kowanne ya haura awa 26,000. Kusan shekara uku ke nan ba hutu. Na hannu ne aka goge, aka manna masa sabuwar takarda.

Amma na gaya wa mutumin nan, a gaban yaron shagonsa, ya sayi disk na waje, wanda ake jonawa a cire, ya riƙa kwafe kayansa. Ya ce kuɗin ya yi yawa, Allah na tsarewa. Ashe ɗansa, irinku masu ilimin YouTube, ya raba masa disk ɗin gida biyu, C da D, ya ce D ɗin shi ne ajiya. Wato ka raba kuɗinka aljihu biyu a riga ɗaya, ka ce ko an sace rigar ɗayan ya tsira.

Wata huɗu tsakani aka ɗauke wuta ana cikin aiki, aka maido ta da ƙarfi, disk ya kama ƙas-ƙas-ƙas. Lissafin bashin shekara shida ya tafi, da hotunan bikin 'yarsa. Ya zo nan ya tara min jama'a, ya rantse ban taɓa ce masa komai ba. Yaron da aka yi a gabansa ya sunkuyar da kai kamar an aiko masa da mutuwa. Shugabannin kasuwa suka ce a yi sulhu, ka kuwa san sulhu da mai kuɗi. Na biya disk, na biya wanda aka kai wa a Legas ya ceto abin da bai kai rabi ba. Babur ɗina na sayar. Har yau in ya ratsa layin nan gaishe ni yake yi, ina amsawa, don dai addini.

To ga amsarka. Windows a kan SSD, ma'ajiyar da ta fi had-disk sauri, giga 500 ta ishi gida. Ba ta da faifan da ke juyawa, ba ta tsoron girgiza, amma in za ta mutu ba ta sallama. Tarin hotuna da bidiyo a sa a had-disk mai faifai, ya fi araha. Seagate, Western Digital, Toshiba, su uku suka rage suna ƙera shi, kada ka ɓata min lokaci da wane ya fi wane, wajen wa ka saya shi ne magana. Yadda ake ɗaurawa kuma in ba ka iya ba ka koma gida. In mai sayen ya ga tera ɗaya ta nuna giga 931, kada ya ce an cuce shi, haka Windows ke ƙirga. Filashin nan masu tera biyu a kuɗin kwanon shinkafa kuwa, sa musu H2testw, manhajar da ke tona ainihin girmansu, ka sha kallo.

Kwafi uku zai yi: na cikin kwamfuta, na disk ɗin waje da zai cire daga jiki in ya gama, da ɗaya a wani gidan ko a intanet. Google na ba da giga 15 kyauta, sun ishi takardu. Ya haɗa da UPS, batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta. In ya ce ba zai saya ba, ɗauko littafin rasit, rubuta cewa an gaya masa, ya sa hannu a gabanka.